Ba Don Gizo Ba: Shin Mai Tatsuniya Maƙaryaci Ne?

Garin Doka yana cikin jihar Gadarif ta gabashin Sudan, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Gadarif ta nufi Gallabat, bakin iyakar Habasha. Ƙasar wurin baƙa ce mai danƙo, tana ba da dawa da riɗi. A wannan yanki akwai gidajen Hausawa waɗanda kakanninsu suka fito daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da niyyar zuwa Makka. Suka yada zango don su nemi guzuri, zangon kuwa ya zama gida.

A irin waɗannan gidaje, idan an gama yankan riɗi, dare ya yi sanyi, tsohuwa takan shimfiɗa tabarma ta tara jikokinta. Takan ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." A dā yara sukan amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Yau waɗansu sukan amsa, waɗansu kuwa su yi shiru, gama Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, har kakar ma Habboba suke ce mata. Wani lokaci kuma babban jika, wanda ya yi nisa a makaranta, yakan ce, "Kaka, ki bar cika wa yara kunne da ƙarya. Yaushe gizo ya taɓa yin magana?"

Tambayar saurayin nan ba abin dariya ba ce. Kowane gidan kirki yana koya wa yaro cewa ƙarya mugun abu ce, Dokoki Goma ma sun hana shaidar zur. To, ƙaƙa uwar da ta tsawata wa yaro da rana don ya yi ƙarya za ta zauna da dare ta gaya masa kura ta tafi kasuwa? Idan saurayin yana da gaskiya, ya kamata tsohuwa ta naɗe tabarmarta. Idan kuwa ba shi da ita, ya kamata a san dalili, domin abin da za a rasa ya fi hirar dare ɗaya.

Mece Ce Ƙarya?

Ƙarya ita ce mutum ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya san ba haka yake ba, da nufin ɗan'uwan ya ɗauka haka yake. Abu uku ne suka haɗu a cikinta: mai faɗi ya san gaskiya, mai ji bai sani ba, mai faɗi kuma yana so rashin sanin nan ya ɗore. Ɗan kasuwan da ya zuba yashi a gindin buhun riɗi, ya rantse cewa tsabar riɗi ne, yana cin riba muddin mai saye bai zazzage buhun ba. Ranar da aka zazzage, ciniki ya mutu. Shi ya sa Hausawa suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Tatsuniya kuwa ba ta farawa sai an nemi izini. "Ga ta nan" sallama ce, "ta zo mu ji ta" amsa ce. Da wannan amsa yara sun yarda za a shiga wata duniya inda gizo yake da mata mai suna Ƙoƙi, dodo kuma yake neman auren 'yar sarki. Idan an gama, mai ba da ita takan rufe da cewa, "Ƙurunƙus kan kusu. Ba don gizo ba, da na yi ƙarya." Ta buɗe ƙofa a gaban kowa, ta kuma rufe ta a gaban kowa. Babu yaron da ya taɓa tashi da safe ya tafi kasuwa neman rumfar kura.

Ashe bambancin a nan yake. Ƙarya aikin mutum ɗaya ce a kan ɗan'uwansa, takan lalace da zarar mai ji ya gane. Tatsuniya aikin mutum biyu ce tare, ba ta yiwuwa sai mai ji ya gane. Mai sauraro abokin aiki ne tun daga kalmar farko. Shi yake amsa waƙar da ke ciki, shi yake gyara wa tsohuwa idan ta tsallake wani wuri, shi ne kuma zai ba da ita ga waɗansu bayan shekara hamsin, da ɗan ƙari nasa.

Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan hanya. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda bayan al'amarin Uriya, labarin wani attajiri da 'yar tunkiyar matalauci ya ba shi. Attajirin bai taɓa rayuwa ba, amma labarin ya isar da gaskiyar da fadawa suka ji tsoron faɗi.

Mutanen da Waƙa Ta Riƙe wa Harshe

Akwai wata al'umma can nesa wadda tarihinta ya nuna abin da irin wannan aikin gayya yake iya riƙewa. Tsibiran Faro guda 18 ne a arewacin Tekun Atlantika, tsakanin Norwe da Aislan da Sikotland. Mutanensu sun ɗan haura dubu 50, watau ba su kai jama'ar ƙaramar hukuma ɗaya ta birnin Kano ba. Kiwon tumaki da kamun kifi su ne sana'arsu ta gado. Sun daɗe a ƙarƙashin sarkin Danmak, kuma tun daga wajen shekarar 1540 harshen Danmak ya zama harshen majami'a da shari'a da karatu. Kimanin shekara 300 harshen Faro ya yi ba a rubuta shi. Mutum yakan yi addu'a da harshen wasu, ya koma gida ya yi wa tumakinsa magana da nasa.

Duk da haka harshen bai mutu ba, gama yana da wuraren ɓuya biyu. Na fari shi ne hirar dare. A lokacin sanyi, sa'ad da rana take faɗuwa da wuri, iyali sukan taru a ɗaki ɗaya, ana kaɗa gashin tumaki ana saƙa, wani yana ba da labari. Na biyu shi ne rawar da'ira. Maza da mata sukan riƙe hannuwan juna, su yi taku biyu hagu, taku ɗaya dama, ba ganga ba algaita. Jagora yakan rera baitocin wata doguwar waƙa, wadda takan kai baiti ɗari ko fiye, jama'a kuma su karɓi amshi. In babu masu amshi, jagora ba shi da waƙa.

Abin da ke cikin waƙoƙin ya haɗa tarihi da almara. Akwai labarin Sigurd, jarumin da ya kashe wani ƙaton maciji mai gadin zinariya, da labarun ƙattai da mayaƙan sarakunan dā. Akwai kuma labarin Sigmundur, mutumin da ya kawo addinin Kirista tsibiran wajen shekarar 1000, da abokin gabansa Trondur. Waƙar ta kuma zama makamin talaka. Wajen 1806 wani matuƙin jirgin ruwa, Nolsoyar Pall, ya tsara waƙar tsuntsaye, inda shaho da 'yan'uwansa suke wakiltar ma'aikatan gwamnatin da suka kame ciniki a hannunsu, wani tsuntsun bakin teku kuma yake gargaɗin ƙananan tsuntsaye. Kowa ya gane wanda ake nufi. Ba a soke wannan babakeren ciniki ba sai a 1856.

Masu ilimi daga baya suka zo. Jens Christian Svabo ya rubuta waƙoƙi da yawa daga bakin mutane a 1781 da 1782. A 1817 wani fasto ɗan Danmak, Hans Christian Lyngbye, ya zo nazarin ciyayin teku, ya ji waƙar Sigurd, ya buga ta a littafi a 1822 da taimakon faston wurin, Johan Henrik Schrøter. Schrøter ɗin nan ne ya fassara Bishara ta hannun Matiyu zuwa harshen Faro a 1823. A 1846 V. U. Hammershaimb, wanda shi ma ya zama fasto, ya tsara ƙa'idar rubutun harshen. Aka yarda da shi a makaranta a 1938, a majami'a a 1939, ya zama babban harshen tsibiran a 1948. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1949, wata fassarar kuma a 1961. Da aka tattara waƙoƙin gargajiya wuri ɗaya, an sami baiti kimanin dubu 70.

Abin lura shi ne, sa'ad da masu fassara suka zo neman kalmomin aminci da cin amana da fansa da makoki, sun tarar da su a raye. Labarun ƙattai da macizai ne suka yi dakonsu shekara 300. Da iyayen wancan zamani sun ce waƙoƙin ƙarya ne a bar su, da jikokinsu ba su sami harshen da za su karanta gaskiya da shi ba.

Sa'ad da Tatsuniya Ta Hau Takarda

Ƙasar Hausa ma ta yi wannan muhawara. A 1933 Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga baya ya ba da labarin cewa wahalarsa ta fari ita ce shawo kan malamai, domin a ganinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai dace da mai ilimi ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi.

Ganɗoki ya yi abin da waƙoƙin Faro suka yi. Ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, abin da dattawan zamanin suka gani da idonsu, sa'an nan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasar aljanu. Masu karatu ba su ruɗe ba. Sun san inda tarihi ya tsaya, inda almara ta karɓa.

Jiki Magayi kuwa suna biyu ne a bangonsa: John Tafida, mutumin Wusasa, da East kansa. Labari ne na Abubakar, wanda attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya same shi, asirin ya faɗa wa yaron da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo ya rushe gidan ubansa. Bahaushe da Bature suka zauna tebur ɗaya suka gina shi, har yau kuwa ana karanta shi ana jin tsoron ramuwar gayya. Haka kuma Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Imam ya rubuta shi a Zariya, East yana duba aikin. Labarai da yawa an ɗebo su ne daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma Imam ya sa musu riga da hula, ya sa su a bakin aku, suka zama na gida.

A Ingila ma an yi wannan gardama. A watan Satumba na 1931 malaman jami'ar Oxford biyu, C. S. Lewis da J. R. R. Tolkien, suka yi doguwar hira da dare. Lewis yana ganin labarun dā ƙarya ne, kome daɗinsu. Tolkien ya amsa cewa mutum yana ƙaga labari ne domin shi kansa halittar Mahalicci ne, gaskiya kuma takan leƙo ta cikin abin da ya ƙaga. Daga baya su biyun suka riƙa karanta wa juna abin da suke rubutawa. Tolkien ya shaida cewa ƙarfafawar Lewis ce ta sa ya kammala The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Bayan rasuwarsa a 1973, ɗansa Christopher ya harhaɗa takardunsa ya fitar da wani littafin a 1977. Ko a can, hannu ɗaya bai ɗauki jinka ba.

Inda Saurayin Yake da Gaskiya

Bai kamata a sallami saurayin Doka hannu wofi ba, gama akwai wurare uku da tsoronsa yake da tushe.

Na fari, yara sukan ce Gizo maƙaryaci ne, kuma sau da yawa yakan ci nasara. Haka ne. Amma wanda ya saurara da kyau zai ga yadda wayon Gizo yakan ƙare da duka ko kunya ko gudu. Inda kuma ya tsira, yaro ya koyi fuskar mai zamba tun bai gamu da shi a kasuwa ba. Duk da haka nauyi yana kan mai ba da labari. Tsohuwar da ta bar yara suna yaba wa cuta ba ta gama aikinta ba.

Na biyu, tun da labari aikin gayya ne, ɓoye hannun abokin aiki ƙarya ce. A 1885 J. F. Schön, ɗan mishan, ya buga Magana Hausa. Babban rabon littafin daga bakin Dorugu ya fito, wani yaro daga yankin Damagaram wanda aka bautar, aka 'yanta, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Schön ya ambace shi a ciki, amma shekaru da yawa littafin Schön ake cewa. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin Dorugu da sunansa a gaba. Littafin tatsuniyoyin Frank Edgar, kashi uku tsakanin 1911 da 1913, malaman Hausa ne suka rubuta yawancinsa da ajami, ga kuma tsofaffin matan da suka riƙe tatsuniyoyin tun asali, waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu. Masu tattarawa sun yi aiki mai amfani ƙwarai, amma tura ta kai bango idan mai rubutu ya ci yabo, mai baki ya ɓace.

Na uku shi ne mafi hatsari, watau labarin da aka ba da shi ba tare da "ga ta nan" ba. Hausawa ma suna da mai kashe maciji, Bayajidda, wanda aka ce ya zo Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri Daurama. Labari ne mai daraja, yana nuna zumuncin da ke tsakanin biranen Hausa. Amma idan aka ɗauke shi hujjar cewa waɗansu al'ummai 'ya'yan gida ne, waɗansu kuma Banza Bakwai, an mai da almara takardar shari'a a kan mutanen da ba su ce "ta zo mu ji ta" ba.

Hausawan Sudan sun ɗanɗana irin wannan daga wani gefen. Sau da yawa akan ce su baƙi ne, jiya suka zo. A watan Yuli na 2022 rikici a kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Bulu Nayil tsakanin Hausawa da maƙwabtansu. Kafin ƙarshen shekarar ɗaruruwan mutane sun mutu, Hausawa kuma sun yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Hartum. A irin wannan rana tatsuniya ba ta da amsa. Abin da ake bukata shi ne tarihi mai shekara da suna: cewa tun kafin Turawa su ci Sakkwato mahajjatan yamma, waɗanda ake kira Takari, suna zaune a Gallabat, cewa bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, cewa gumin 'ya'yansu da jikokinsu yana cikin gonakin audugar Jazira da na riɗin Gadarif.

Littafi Biyu, Suna Biyu

To, wa zai gaya wa yaro sunan garin da kakan kakansa ya fito, da hanyar da ya bi, da shekarar da ya sare gonarsa ta fari? Tsohuwar nan ce mai tabarma. Da wane harshe za ta gaya masa? Da wanda ya koya sa'ad da yake dariyar Gizo. Yaron da ya daina amsa "ta zo mu ji ta" yana shekara shida, da wuya ya iya tambayar tarihi yana shekara ashirin. Larabci ba abokin gaba ba ne a nan. Larabawan Sudan ma suna da nasu tatsuniyoyi, irin na Fatima as-Samha, har babban malami Abdullahi al-Tayyib ya ga sun cancanci ya tattara su a littafi. Yaro yana iya riƙe harshe biyu kamar yadda yake da hannu biyu.

Lokaci kuwa ba ya jira. Tun daga Nuwamba 2020 sansanin Um Rakuba, kusa da Doka, ya karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Tigray ta Habasha. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya koro jama'a masu yawa zuwa jihar Gadarif, waɗansu ba su fito da kome ba sai tufafin jikinsu. Takardun gida da hotuna da littattafai sun salwanta a hanya. Abin da tsoho ya haddace shi ne ya iso tare da shi, zai kuma tafi tare da shi idan ba a karɓa ba.

Saboda haka amsar da ta dace da saurayin ita ce a ba shi aiki. Ya sayi littafin rubutu guda biyu, ya zauna kusa da kakarsa. A ɗaya ya rubuta Gizo da Ƙoƙi da dodo, da waƙoƙinsu da amshinsu, yadda ta faɗa. A ɗayan ya rubuta sunayen kakanni da garuruwa da zangogi da shekaru, inda ta ce ba ta tabbata ba ya rubuta haka. Kada ya bar abin da ke cikin wannan ya tsallaka cikin wancan. A bangon kowane littafi ya sa suna biyu, nata a sama, nasa a ƙasa. Idan ya yi haka, kakarsa ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba, ƙannensa kuma za su sami abin amsawa sa'ad da aka ce musu, "Ga ta nan, ga ta nanku."